Wai ina kuɗin jihar Kaduna ke shiga ne, kullum kasafi da giɓi?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya, kuma wallahi ba siyasa na kawo ba, abin ne ya daɗe yana ci min rai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce an cire tallafin mai aka ce mana kuɗin da ake rabawa jihohi duk wata daga Abuja zai ƙaru, kuma ya ƙarun, ba wanda ya musa. Mu muka sha wuyar, litar da muke saya ƙasa da ɗari biyu har ta taɓa haura dubu, kuɗin mota daga Kwangila zuwa Kawo ya ninka ya sake ninkawa. To amma har yau in an karanta kasafin jiharmu sai ka ji abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo, sai an haɗa da rance da tallafin ƙungiyoyin waje kafin lissafi ya tashi daidai. Kasafin 2024 biliyan 458, na 2025 biliyan 790, lamba na ta hawa amma ramin bai cike ba. Ina kuɗin ke shiga? Masu ilimin abin ku taimaka mana.

Mai Shago Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa amsar tambayarka kalma ɗaya ce, sata. Ba wani dogon turanci.

Ɗalibar Samaru:
Alhaji ba na musun akwai sata, amma in muka tsaya a nan ba za mu gane komai ba. Ko yau aka kawo waliyyi ya hau kujerar gwamna a gidan Sir Kashim zai tarar da giɓin nan yana jiransa, saboda akwai kuɗin da ake cirewa tun kafin su iso Kaduna.

Mai Shago Sabon Gari:
To 'yata fito da shi fili mu ji, wa ke cirewa?

Baba Akawu:
Salamu alaikum. Bari in sa baki tunda na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin lissafin gwamnati kafin in yi ritaya. Yarinyar nan ta Samaru ta taɓo inda ciwon yake. Ku tuna a ƙarshen watan Maris 2024 gwamna Uba Sani ya tsaya a taron jama'a a Kaduna ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji bashin dala miliyan 587, da naira biliyan 85, da kuma basukan kwangilolin da ba a biya ba. Ya ce a watan nan kason jihar biliyan 10 ne, aka cire biliyan 7 na biyan bashi, aka bar shi da biliyan 3, alhali albashin wata biliyan 5.2 ne. To kun ga tun kafin a sayi alli ɗaya ko a zuba kwalta taku ɗaya an riga an shiga rami da biliyan 2 da ɗoriya.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Bashin waje da dala ake cinsa, da dala ake biyansa, amma jiha ba ta samun dala, naira take samu. Lokacin da aka ci yawancin bashin nan dala ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati, kafin Yuni 2023 tana wajen 460. Ku ɗauki kalkuleta, miliyan 587 sau 460 zai ba ku kusan biliyan 270. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa dala ta haura 1,500, ku sake bugawa, zai ba ku biliyan 880. Ba a ƙaro ko dala ɗaya ba amma nauyin ya ninka fiye da sau uku. Kuma shi bashin waje jiha ba ta cinsa kai tsaye, Gwamnatin Tarayya ce ke tsaya mata, don haka a Abuja ake zare kuɗin daga kason jiha kafin a turo sauran. Ba zancen a ce a yi min haƙuri wannan watan.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Kenan ƙarin da aka samu daga cire tallafi, faɗuwar naira ta cinye?

Baba Akawu:
Kaso mai yawa, ɗana. Kuma abin lura, faɗuwar nairar ita ce ma ta kumbura kason, domin dalar man fetur in aka canza ta a 1,500 dole lambar ta yi girma. Jihar da ba ta da bashin dala sosai ta ci riba kai tsaye. Mu kuwa da hannun dama aka ba mu da hagu aka karɓe, tunda a lissafin ofishin kula da basuka na ƙasa, DMO, in ka cire Legas ba jihar da ta kai Kaduna bashin waje.

Injiniya Kongo:
Baba da girmanka, amma ina so a yi wa bashin nan adalci. Mutane suna magana kaman an ciyo kuɗi an zuba a kogin Kubanni. Wanda ya san Kawo kafin a sake gadar nan ya san bambanci, haka titunan cikin Kaduna da wasu na nan Zariya da Kafanchan. Ga aikin ruwan Zariya da Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka suka sa kuɗi, shekara nawa muna bin 'yan garuwa? Kuma dala miliyan 350 ɗin Bankin Duniya da ake ta magana ruwanta kaɗan ne ƙwarai, ana biya cikin shekaru masu yawa, har da sararin wasu shekaru kafin a fara. Ba bankin kasuwa a Najeriya da zai ba ka irin wannan. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ita Legas ɗin ma da bashi aka gina ta.

Maman Hanif:
Injiniya wane ruwa? Ni a cikin birni nake, bututu ya zo har ƙofar gidanmu amma sai a yi sati biyu famfo bai ɗiga ba, jarka muke saya har yanzu. Ban ce ba a yi aiki ba, na ga an haƙa an binne, amma in ruwa bai zo ba wa zai biya kuɗin ruwa, in ba a biya ba da me za a mayar da bashin?

Baba Akawu:
Maman Hanif kin yi tambayar da ta fi duk abin da na rubuta. Nan ne bambancinmu da Legas. Bashi ba laifi ba ne in abin da aka yi da shi zai haifi kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ka ci bashi ka gina wurin tace ruwa sannan babu wutar da za ta tura ruwan, babu mita a gidaje, babu mai biya, to kana biyan bashin kuma kana biyan kuɗin dizal da sinadarin tace ruwa daga aljihu ɗaya. Titi kuma yana da amfani sosai amma ba ya kawo naira kai tsaye sai in kasuwanci ya buɗe a gefensa an samu masu biyan haraji, kuma wannan shekaru yake ɗauka, shi ko bashi ba ya jira.

Ɗalibar Samaru:
Kuma ku tuna rancen miliyan 350 ɗin nan majalisar dattawa ta taɓa ƙin amincewa da shi a 2018 lokacin Shehu Sani na shugaban kwamitin basuka, hujjarsu ita ce bashin jihar ya riga ya yi yawa. Aka yi ta zage-zage a lokacin. Bayan zaɓen 2019 aka samu sababbin sanatoci sannan ya wuce, kuma shi Uba Sani yana cikin sanatocin. Ba don in ɓata wa kowa na faɗa ba, don dai mu san cewa ba mutum ɗaya ya ɗauko kayan nan shi kaɗai ba.

Mai Shago Sabon Gari:
Duk na ji. Amma majalisar jiha fa? Ba su suka kafa kwamiti a 2024 suka ce biliyan 423 ba a ga inda suka shiga ba a mulkin da ya wuce? Ni ban ƙirƙira ba a rediyo na ji.

Baba Akawu:
Haka ne Alhaji, kwamitin ya faɗi haka a watan Yuni 2024, shi kuma tsohon gwamna El-Rufa'i ya musanta ya ce siyasa ce har ya tafi kotu. Ni ba alƙali ba ne ba zan yanke a nan ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sata da giɓi abu biyu ne masu taimakon juna. In an kumbura kuɗin kwangila, aikin biliyan ɗaya aka rubuta biyu, bashin da za a ci ya ƙaru, ruwan da za a biya ya ƙaru. Amma ko an toshe wannan ƙofar gaba ɗaya akwai sauran ƙofofi, kuma su ma sai an dube su.

Admin:
Jama'a a ci gaba amma banda zagin kowa dan Allah, na goge saƙo biyu yanzun nan.

Maman Hanif:
To ni bari in faɗi nawa ɓangaren tunda kullum in an tashi maganar giɓi mu ma'aikata ake nunawa da yatsa, wai albashi ya cinye kuɗi. Ni malamar firamare ce shekara sha huɗu. Ajina yara sun fi tamanin, rabin su a ƙasa suke zaune, in damina ta zo kwano na yoyo sai mu matsa gefe guda. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 a ƙasa, Kaduna ta ce 72, to buhun shinkafa nawa ne? Kafin sati biyu albashin ya ƙare. A 2017 an sallami malamai sama da dubu 21 aka ce sun faɗi jarabawa, daga baya ma an sake rage ma'aikata, to in mu ne matsalar ai da tuni ramin ya cike. Ina jin zafin maganar nan wallahi, domin wanda bai ci ba shi ake cewa ya rage ciki.

Baba Akawu:
Ki yi haƙuri 'yata, ba wanda ya ce albashinki ya yi yawa, bai ma isa ba. Matsalar ita ce abin da jihar ke tarawa da kanta ya yi kaɗan. Duba nan, albashi biliyan 5.2 a wata sau 12 biliyan 62 ne da ɗan kai. Harajin cikin gida da jihar ta tara a 2023 shi ma biliyan 60 da 'yan kai ne. Kenan duk abin da hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ta tara a shekara albashi kaɗai ya share shi, kuma wannan kafin ƙarin albashin 2024 ne. Ga fansho ga garatuti na mu da muka gama, wasu abokaina sun rasu suna jira. Legas a shekarar ta tara sama da biliyan 800. Kuma a haka Kaduna tana cikin na gaba-gaba a Arewa, domin a 2015 abin bai kai biliyan 15 ba, an yi ƙoƙari wajen hana karɓar haraji a hannu da haɗe asusun gwamnati wuri ɗaya da kafa KADGIS don takardun filaye. Duk da haka jihar da ke da ƙananan hukumomi 23 da miliyoyin mutane ba za ta rayu a kan wannan ba.

Mai Shago Sabon Gari:
Yauwa an zo wajen. Baba in aka ce haraji ya yi kaɗan mu 'yan kasuwa gabanmu ke faɗuwa, don mun san kanmu za a dawo. Ni shago ɗaya gare ni na kayan masarufi, a shekara ina biyan kuɗin shago, kuɗin allo, kuɗin shara, na harabar kasuwanci, ga masu zuwa da riga mai tambari kowa da tikitinsa, wani ya ba ka rasit wani ya ce an ƙare. Mai kawo min kaya daga Kano shi ma ana tare shi a hanya, duk a kan kaya yake ɗorawa. To kuɗin nan da ake karɓa a hannunmu suna isa asusun kuwa? Rijiya ta bayar guga ya hana, shi ne abin da nake gani. Kafin a ce mu ƙara a fara gaya mana na baya ina ya tsaya.

Ɗalibar Samaru:
Gaskiyarka Alhaji, kuma wannan ne abin haushin, masu biya su ɗin ne dai kullum, ma'aikaci da ake cirewa daga albashi da mai shagon da ba zai iya guduwa ba. Amma mai gidajen haya goma a GRA ko mai filaye a hanyar Shika da ya saya ya ajiye yana jiran su yi tsada, nawa yake biya? Nan ne kuɗin suke kuma nan ne ba a son taɓawa saboda manya ne.

Wani abu kuma da malaminmu ya nuna mana, harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake ba, shi ya sa ABU da asibitin koyarwa na Shika da kwalejin jiragen sama da cibiyar koyar da sufuri ta NITT suke da muhimmanci ga asusun Kaduna ko da yake na Tarayya ne. Amma sojoji da 'yan sanda ba jiha ke karɓar nasu harajin ba. To ku duba yawan barikokin da ke jihar nan, Jaji, NDA, Depot na nan Zariya, duk suna amfani da titi da asibiti da makarantun jiha amma harajin albashinsu ba ya shiga asusun jiha.

Injiniya Kongo:
Wannan ban taɓa sani ba, na ƙaru ƙanwata.

Malam Na Ƙofar Doka:
Ni tsoho ne zan koma baya kaɗan ku yi haƙuri. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, KTL, wadda aka buɗe tun 1957 zamanin Sardauna. In aka tashi aiki kekuna sai sun cika titi kaman an buɗe dam. Ga UNTL ga Arewa Textiles, ga Fijo tana haɗa motoci, ga matatar mai tana aiki, nan Zariya kuma ga injin gurzar auduga ga kamfanin taba ga jirgin ƙasa na dakon kaya. Kowane ma'aikaci a cikinsu ana cire masa haraji duk wata, kowane yana sayen kaya wajen irin su Alhaji na Sabon Gari, manomin auduga a ƙauye yana da mai saye. Duk masaƙun nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 saboda rashin wuta da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Jikokin waɗannan ma'aikata yau su ne ke acaba da tura baro. To wa za ka cire wa harajin albashi? Ni a ganina giɓin kasafi a ofis ake rubuta shi amma a Kakuri aka haƙa shi.

Kuma da akwai haraji da jangali, kowane baligi ya san yana biya, har Balarabe Musa ya soke su da ya hau a 1979 don zaluncin da ake yi wa talaka wajen karɓa, kuma ya yi daidai a lokacin, na ga yadda ake ɗaure mutum a rana. Sai dai tun daga nan muka koma jiran kuɗin mai, gwamnati ba ta buƙatar aljihun talaka talaka shi ma ya daina tambayar gwamnati.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan ta ƙarshen ta shige ni.

Manomin Giwa:
Ku yi haƙuri sai yanzu na samu netwok. Duk kun yi maganar birni ba wanda ya tuna daji. Ni da nake noma buhu ɗari da wani abu na masara, shekara uku ban taka babbar gonata ba saboda 'yan bindiga, ƙanena sai da muka sayar da shanu biyu da babur muka karɓo shi. Giwa, Birnin Gwari, Igabi, Chikun, ƙauyuka nawa suka tashi? Kasuwar shanu ta Birnin Gwari shekaru tana rufe sai ƙarshen 2024 aka buɗe bayan sulhu. Duk buhun da ba a noma ba kuɗin kasuwa ne da ba a karɓa ba, lodin mota ne da ba a yi ba. Sannan ita gwamnatin jiha ita ke sayen motocin sintiri da mai da alawus na jami'an tsaro duk da cewa tsaro aikin Tarayya ne, ga 'yan sa-kai ga 'yan gudun hijira. Kenan abu ɗaya yana rage shiga yana ƙara fita. 'Yan uwanmu na Kachia da Jaba su kuma cutar citta ta 2023 ta gama da su.

Baba Akawu:
Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Maganarka gaskiya ce kuma ba wani mai kamfani da zai kawo kuɗinsa inda aka tare jirgin ƙasa a Maris 2022 aka kwashe mutane, ko aka shiga makaranta a Kuriga a 2024. Sai dai kuɗin tsaron nan shi ma yana cikin wuraren da ba a cika bayyana yadda aka kashe ba, kuma duk inda ba a bayyanawa nan ɓaraka ke samun wuri.

Bari in ƙara abu ɗaya da na gani da idona shekara da shekaru, shi ne yadda ake rubuta kasafin kansa. Ba a farawa da nawa muke da shi, ana farawa da me muke so a ji mun ce za mu yi. Kowane kwamishina ya kawo jerinsa, kowane ɗan majalisa yana son a ga aiki a mazaɓarsa, in aka tara aka ga ya fi ƙarfin kuɗin shiga sai a koma ɓangaren shiga a ɗaga lambobi, a ce haraji zai kawo kaza, za a sayar da filaye a samu kaza, ƙungiyoyin waje za su ba da kaza. A takarda lissafi ya daidaita. Wata shida ta wuce a ga rabin abin bai shigo ba, amma an riga an ba da kwangila an biya kuɗin somin aiki an kafa allo. Daga nan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, aikin ya tsaya, bashinsa ya koma shekara mai zuwa, kafin a dawo siminti ya ninka sai a sake duba farashi. Basukan kwangilolin nan da aka ambata irin wannan hanyar suke taruwa.

Injiniya Kongo:
Baba kaman kana gidana. Na yi wa wata ma'aikata aikin kwalbati da gyaran ajujuwa, na gama an zo an duba an sa hannu, yau shekara biyu kenan fayil yana yawo. Kuɗin da na yi aikin a banki na ciyo, ruwa yana hawa kullum, lokacin siminti bai kai dubu biyar ba yanzu ko an biya ni ba zai sayi rabin abin da na zuba ba. Leburorina shida na sallama. Kuma gobe in aka sake kiran mu kowa zai sa farashi sama don ya san za a ja shi, to ka ga jinkirin biya shi kansa yana ƙara wa gwamnati tsada.

Mai Shago Sabon Gari:
To amma gwamna yana cewa shi bai ci sabon bashi ba, ya aka yi har yanzu ake ganin rance a kasafi?

Baba Akawu:
Rancen irin su Bankin Duniya ba a ba ka shi dunƙule rana ɗaya. Ana sa hannu yau, kuɗin su riƙa fitowa kashi-kashi cikin shekaru yadda aiki ke tafiya, wasu ma shirye-shirye ne na Tarayya da jihohi ke shiga. Don haka gwamna zai iya cewa bai sa hannu a sabo ba kuma ka ga rance a kasafinsa, duka biyun su zama gaskiya. Amma kowace dala da ta fito tana hawa kan jimillar da za a cire a Abuja.

Malam Na Ƙofar Doka:
Ni abin da ke damuna da bashin nan har da riba. Muna addu'ar albarka muna gina makaranta da kuɗin ruwa. Tarayya tana yin sukuk, wato tara kuɗi bisa tsarin Musulunci, tun 2017 tana gina tituna da shi, kuma da naira ne, an san titin da kuɗin zai tafi tun kafin a karɓa. Me ya hana mu bin wannan hanyar?

Ɗalibar Samaru:
Malam sukuk yana da kyau ta wajen cewa dala ba za ta tashi ta danne ka ba kuma kuɗin a ɗaure suke da aiki guda. Sai dai ladan da ake biyan masu zuba kuɗi a naira ya fi na Bankin Duniya nesa ba kusa ba, kuma shi ma daga kason wata za a cire. Yana rage haɗari ɗaya ne, bai cike ramin ba.

Maman Hanif:
Ni dai har yanzu ban ji an taɓo kashe-kashen manya ba. Jerin gwanon motoci, masu ba da shawara da mataimaka na musamman, tafiye-tafiye, gyaran gidajen gwamnati. In da gaske babu kuɗi a fara daga can mu gani, sai mu yarda mu ɗaure ciki.

Baba Akawu:
Ina tare da ke. In aka auna da bashin dala kuɗin motoci ba su kai ba, amma ba don yawansu kaɗai ake maganar ba. Mai shago ba zai biya da zuciya ɗaya ba yana ganin sabuwar jif ta wuce shi. Akwai kuma alherin da gwamnati ke yi mai kyau amma yana da farashi, misali rage kuɗin makaranta da aka yi a 2023 a jami'ar KASU da kwalejin Nuhu Bamalli da sauransu, iyaye sun ji daɗi ni ma jikata ta amfana, sai dai abin da makarantun suka rasa dole asusun jiha ya cike ko kuma ɗakin gwaji ya zauna babu kaya. Ba a cika faɗa wa mutane wannan rabin ba.

Ɗan Tudun Wada:
Baba to mu talakawa ta ina za mu gane ko kasafin na gaskiya ne ko na takarda?

Baba Akawu:
Kada ka tsaya a jawabin ranar gabatarwa. Hukumar tsare-tsare da kasafi ta jiha tana fitar da rahoton aiwatarwa duk wata uku a intanet. Ka buɗe ka duba layi uku kawai, nawa aka ce haraji zai kawo nawa ya kawo, nawa aka cire na bashi, sannan nawa aka ware wa ayyuka nawa aka saki da gaske. Sai ka nemo aiki ɗaya na unguwarku a ciki ka taka da ƙafa ka je ka gani.

Ɗalibar Samaru:
Zan sauko da na ƙarshe in ciro shafukan Zariya da Sabon Gari da Giwa in turo nan daren Juma'a in sha Allah, fayil ɗin yana da nauyi sai na shiga makaranta.

Mai Shago Sabon Gari:
Ni kuma gobe in na buɗe shago zan ɗauki hoton duk rasitan da na biya bana in turo, Baba ka duba min wanne ne na jiha wanne na ƙaramar hukuma wanne kuma ba na kowa ba.

Baba Akawu:
Turo su Alhaji, ka tabbata lambar rasit da tambarin sun fito sosai a hoton, amma ka rufe sunanka da lambar shago.